Suna Linzami Ne: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Makarantun Sakandare

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa, ina muku sannu da fama da yara. Na daɗe da alli a hannu, na kuma zauna a kwamitin ladabtarwa shekaru masu yawa, don haka ba baƙo ne ke muku magana ba. Na san yadda ofishinku yake a ranar da aka shigo da yaro an kama shi yana haura katanga, ko yarinya ta mayar wa malama magana a gaban aji. Malamai sun fusata, iyaye na kan hanya, kowa na jiran ku yanke hukunci kafin a tashi. Kan wannan hukuncin nake so mu yi magana, da kuma sunan da yake bari a jikin yaro bayan an watse.

Bari in fara da laifina. Akwai wani yaro ɗan shekara 14 da nake koya wa lissafi a darasin farko na safe. Kusan kullum kansa na kan tebur. Wata rana na tashe shi, na nuna wa ajin shi na ce ga sarkin barci nan. Aka bushe da dariya, ni ma har na ji daɗin maganar ta yi armashi. Kafin zangon ya ƙare sunan ya bi shi har filin ƙwallo, wasu malaman ma ba su san shi da wani suna ba sai wannan. Abin da ya tayar min da hankali daga baya shi ne yaron bai yi faɗa da sunan ba. Karɓa ya yi. Ya koma bencin baya, ya daina ko gwada ɗaga kai, alhali a shekarar da ta gabata yana cikin biyar na farko a ajin.

Sai bayan shekaru na ci karo da aikin Mary Carskadon ta Jami'ar Brown a Amurka. Tun farkon shekarun 1990 ta nuna cewa idan balaga ta kankama, agogon cikin jiki yakan ja baya. Sinadarin melatonin, mai sanar da jiki cewa dare ya yi, yakan yi jinkirin fitowa da awa ɗaya zuwa biyu. Yaron da a da barci ke kwashe shi da ƙarfe tara, yanzu ko ya kwanta idonsa biyu har sha ɗaya. Buƙatar barcin kuwa tana nan daram: likitocin barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare. Wanda barci ya ɗauke da sha ɗaya, ya tashi biyar da rabi don ya iso kafin a rufe ƙofa, awa shida da rabi ya samu, kwana biyar a jere, mako bayan mako. Waya tana ƙara dagula lamarin, ba na wanke ta, amma an gano wannan jinkirin tun kafin waya ta shiga hannun yara.

A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada makarantun sakandare su fara darasi kafin 8:30. A 2016 birnin Siyatil na Amurka ya ɗaga lokacin shiga aji daga 7:50 zuwa 8:45, masu bincike kuma suka ɗaura wa ɗaliban makarantu biyu agogon auna barci. Yaran ba su ɓatar da ƙarin lokacin a hira ba, barcinsu ya ƙaru da kimanin minti 34 a dare, makinsu ya ɗaga, makara da fashi suka ragu a makarantar da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa. Na san ba kowa ne a cikinku zai iya taɓa lokacin buɗe makaranta ba, akwai batun sufuri da aikin iyaye da umarnin na sama. Jadawali dai a hannunku yake. Ku kuke zaɓar darasin da za a sa da sassafe, ku kuke sanin tulin aikin gida da ake ɗora wa yaro a dare ɗaya, a makarantar kwana kuma ku kuke cewa ga lokacin kashe fitila, ga na buga ƙararrawa.

Barci ɗan ƙaramin sashe ne na abin da ke faruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade zangon rayuwa na tsakanin yarinta da girma daga shekara 10 zuwa 19, kuma masu wannan shekarun sun kai kimanin biliyan 1.3, wato mutum ɗaya cikin shida a duniya. Daga ƙwaƙwalwa balaga ke somawa: wani ɗan sashe a ƙasanta yakan aika saƙo, saƙon ya tayar da gaɓoɓin haihuwa, su kuma su soma sakin sinadaran balaga, wato testosteron da estrojen, cikin jini. Yarinya takan fara tsakanin shekara 8 da 13, yaro tsakanin 9 da 14. Ku dubi faɗin tazarar. A aji ɗaya na 'yan shekara 13 za ku ga mai gashin baki da muryar babba a benci ɗaya da wanda har yanzu muryarsa ta ɗan firamare ce, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Mu kuwa da ido muke auna su. Wanda jikinsa ya riga shi girma muna sa masa ran hankalin babba, idan ya yi wauta mu ce ƙato da kai. Yarinyar da ta fara ƙirgar dangi da wuri ta fi kowa shan wahalar wannan, domin maza manya sun fara kallonta a matsayin budurwa alhali tunaninta na 'yar shekara 11 ne, kuma an daɗe da tabbatar da cewa irinta sun fi faɗawa cikin damuwa da baƙin ciki.

A ganiyar tsawo, yaro kan ƙara santimita 8 zuwa 10 a shekara guda, kuma gaɓoɓin ba sa tafiya tare. Tafin hannu da na ƙafa ne kan gaba, sai dantse da ƙwauri, gangar jiki daga baya. Shi ya sa yake tuntuɓe da kujera, yake ɓarar da abin da aka ba shi riƙo, mu ce masa sakarai. Kusan rabin yara maza nononsu kan ɗan kumbura na wani lokaci sannan ya sace da kansa. Wa ya taɓa gaya musu? Yaro ya ƙi cire riga a filin wasa, an rubuta masa taurin kai. Yarinya ta ƙi miƙewa ta amsa tambaya, malami ya ɗauka raini ne, ita kuwa tsoro take ji kada jini ya ɓata mata siket. Haila takan zo kimanin shekara biyu bayan fara ƙirgar dangi, wato akwai isasshen lokacin da za a shirya ta, amma yara mata da yawa a banɗaki suke fara sanin labarin, su kaɗai, cikin firgita. Malama guda da kowace ɗaliba ta san za ta iya zuwa wurinta, audugar mata a cikin durowa, banɗaki mai ƙofa da ruwa: wannan bai fi ƙarfin kowace makaranta ba.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni aron hankalinku sosai. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara 6 ta riga ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba, shi ya sa aka daɗe ana zaton aiki ya ƙare tun a yarinta. A 1999 Jay Giedd da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka suka fitar da sakamakon hotunan cikin ƙwaƙwalwa na na'urar MRI da suka riƙa ɗaukar yara iri ɗaya da shi shekara bayan shekara. Sai ga shi gini na ci gaba har bayan shekara 20. Ƙwaƙwalwa na sassabe hanyoyin da ba a bi, tana kuma lulluɓe waɗanda ake bi da wani farin kitse mai sa saƙo gudu. Aikin daga baya yake farawa ya nufo gaba, kuma sashen da ke bayan goshi, mai tsara gobe, mai auna sakamako, mai cewa dakata, shi ne na ƙarshe, sai wajen shekara 25 yake daidaita. Sashen da ke jin daɗin sabon abu da yabo da kasada kuwa, mai aiki da sinadarin dofamin, tun farkon balaga yake tashi da ƙarfinsa. Doki ya ƙosa, maƙeri bai gama ƙera linzami ba.

Kada a fahimce ni da cewa yaran ba su da tunani. Laurence Steinberg na Jami'ar Temple ya nuna cewa idan aka zaunar da ɗan shekara 16 cikin natsuwa aka ba shi matsala, yakan auna ta kusan yadda babba zai auna. Inda ake samun bambanci shi ne lokacin da rai ya ɓaci, ko ake gaggawa, ko abokai na kallo. A 2005 shi da Margo Gardner suka sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda mutum zai zaɓi ya tsaya ko ya ƙetare fitilar hanya don ƙarin maki. 'Yan shekara 13 zuwa 16, idan su kaɗai ne, ba su yi wa manya nisa ba. Da aka zaunar da tsaransu biyu a gefe, kasadarsu ta ninka, ta manya kuwa da ƙyar ta motsa. Mun saba cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, muna ta neman mugun abokin da ya lalata mana yaro. Sau da yawa babu mugu a cikinsu. Yara huɗu ne na kirki, kowanne na jin idon sauran ukun a kansa. Don haka idan kuka tambayi yaro me ya kai shi, ya ce wallahi bai sani ba, ba lallai ne ƙarya yake yi ba. Wanda ke tsaye a ofishinku shi kaɗai da safe ya san dokar sarai, jiya da yamma a tsakiyar abokai ne sanin bai yi masa amfani ba. A shekarar 2005 ɗin ce Kotun Ƙolin Amurka ta haramta hukuncin kisa kan laifin da aka aikata kafin shekara 18, kuma cikin hujjojinta har da cewa halin mai waɗannan shekarun bai gama zama ba.

Wannan ƙosawar dokin ba cuta ba ce. Ita ke sa yaro ya haddace abin da yake so cikin dare ɗaya, ya kwana yana gyara na'urar da ta gagari kowa, ya tsaya a gaban taro ya yi muhawara. Idan makaranta ba ta ba ta fili ba, a gasa ko wasanni ko shugabancin ɗalibai na gaske, za ta samo filinta a bayan katanga.

Akwai kuma sabon kaifin tunani. Masanin tunanin yara Jean Piaget ya lura cewa daga wajen shekara 11 zuwa 12 yaro kan fara iya tunani a kan abin da ba ya gabansa: da a ce kaza, me zai faru, mene ne adalci, wa ya kafa dokar nan kuma don me. Wannan baiwar muke roƙon Allah ya ba su a darasin aljabara. Ita ce kuma ke sa su gano cewa malamin da ke tsare 'yan makara a bakin ƙofa shi ma jiya ya makara. Ba za mu so ta a aji mu tsane ta a ofis ba. Yaro mai gardama da hujja, a ganina, yana yin atisayen abin da muka koya masa ne, ko da ladabin faɗar bai gama zuwa ba. Ladabin ake koya masa, a bar masa hujjarsa.

Masanin halayyar yara David Elkind ya bayyana wani abu a 1967 da kowane malami zai gane. Matashi kan ji kamar yana kan dandamali ne, duniya duka na kallonsa. Ƙurji ɗaya a fuska ya isa ya hana shi fitowa. Ku auna, ranku ya daɗe, abin da fito da shi gaban asembli ke nufi, a karanta laifinsa, ko a jera sunayen na ƙarshe a jarrabawa, ɗaruruwan tsaransa na kallo. Mu a wurinmu minti biyar ne, mu wuce ofis mu manta. Shi kuwa abin da ya fi tsoro a duniya ne ya tabbata, kuma hanyoyi biyu suka rage masa: ya ɓuya, ko ya ɗaga kai ya nuna ko a jikinsa. Na biyun muke kira fitsara, mu ƙara masa bulala.

Duk wannan na faruwa ne a daidai lokacin da yaron ke fama da babbar tambaya, wadda masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya ce ita ce aikin waɗannan shekarun: ni wane ne? Yau ya canza salon tafiya, gobe ya ce likita zai zama, jibi ya ce karatu ɓata lokaci ne. Gwaji yake yi, kamar mai gwada riguna. A 1966 James Marcia ya nuna cewa wanda ya bincika, ya yi tambaya, sannan ya tsaya a kan matsaya, ya bambanta da wanda aka miƙa wa matsaya ya karɓa bai taɓa juya ta ba, ko da a ido sun yi kama. Na biyun shi ne ɗan lelen malamai, shiru-shiru, ba ya musu. Ban ce laifi ba ne, amma na ga irinsu da dama da suka fita daga hannunmu, mutum na farko da ya yi musu magana da ƙarfin murya ya tafi da su, domin biyayya kawai suka iya. Erikson ya kuma yi gargaɗin cewa matashin da ya rasa hanyar zama wani abin kirki yakan gwammace ya zama cikakken mugu a kan ya zama ba kowa ba. Mai neman amsar ko shi wane ne, ga babba mai iko ya miƙo masa amsa a gaban jama'a: daƙiƙi, ɓarawo, 'yar iska, sarkin barci. Hausawa sun ce suna linzami ne. Mun ga cewa nasa linzamin na ciki bai gama ƙeruwa ba, sai ya kama wanda muka sa masa.

Na san abin da wasunku za su ce, don ni ma na sha faɗa a kwamiti: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗalibi ɗaya ba zai ɓata mana ɗari ba. Ban zo da maganar a bar yara sakaka ba. Yaro na buƙatar iyaka, yakan ma raina babban da ba ya iya tsawata masa, kuma wanda ya zo da makami ko yake cutar da na ƙasa da shi dole a raba shi da sauran. Tambayata ita ce wane irin hukunci, kuma na tsawon wane lokaci. Masaniyar halayyar ɗan Adam Terrie Moffitt ta yi aiki da binciken garin Dunedin na ƙasar Niyuzilan, inda ake bibiyar mutum 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973 tun suna jarirai. A 1993 ta bambanta iri biyu. Akwai 'yan ƙalilan da matsalarsu ta faro tun suna ƙanana ta kuma bi su har girma. Akwai masu yawa da rashin jinsu ya tashi da balaga ya kuma kwanta da kansa, kamar yadda alƙaluman laifi a ƙasashe da dama ke hawa zuwa ƙarshen shekarun goma sha, sannan su gangaro. Ta danganta hakan da giɓin da ke tsakanin jikin da ya balaga da al'ummar da ba ta ba shi matsayin babba ba tukuna. Giɓin kuwa ƙara faɗi yake yi: a tsakiyar ƙarni na 19 yarinya a arewacin Turai takan fara haila tana da shekara 16 ko 17, yau 12 zuwa 13 ne, shekarun karatu kuma sun ƙaru. Abin da ya fi tsaya min a rai cikin aikin Moffitt shi ne abin da ta kira tarko. Yaron da zai daina da kansa yakan kasa dainawa idan wani abu ya riƙe masa ƙafa: shaye-shaye ya kama shi, ko ya shiga gidan yari, ko karatunsa ya yanke. Takardar korar da kuke sa wa hannu tana iya zama ɗaya daga cikin waɗannan tarkunan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle hannun da ƙurji ne kawai ya fito masa.

Kuma akwai shaidar cewa sauya idon malami kaɗai na rage aikin kwamiti. A 2016 Jason Okonofua da abokan aikinsa suka yi gwaji da malaman lissafi 31 a makarantu biyar na jihar Kalifoniya ta Amurka, suka ba wasunsu ɗan gajeren horo ta intanet, kan su nemi dalilin rashin jin yaro su kuma riƙe alaƙarsu da shi ko a lokacin hukunci. Ba a soke doka ko ɗaya ba. Adadin ɗalibansu da aka dakatar a shekarar ya tsaya a kashi 4.8 cikin 100, na sauran malaman kuma 9.6.

Kada kuma masu hayaniya su ɗauke muku hankali daga masu shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurorin kafin shekara 14 suke somawa. A aji mai ɗalibai 42, shida kenan. Baƙin ciki a jikin matashi ba kullum yake zuwa da kuka ba, yakan zo da saurin fushi, da faɗuwar maki, da janyewa daga abokai, da yawan barci. Har yau ban san ko agogon jiki ne kawai ya kwantar da kan ɗalibina a tebur ko wani abu ne ya fi haka ba, saboda ban tambaye shi ba.

Roƙona kenan gare ku. Kafin kwamiti ya zauna, a ba yaro dama ya yi magana shi kaɗai, bayan ransa ya huce, ba a gaban abokansa ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma ta tanadi a saurari yaro kan abin da ya shafe shi, ladabtarwar makaranta kuma ta kiyaye mutuncinsa. A rubuta abin da ya aikata a takarda, kada a rubuta ko shi wane ne. Hukuncin ya kasance yana da ranar ƙarewa, idan ya ƙare kuma a daina tayar da shi a ɗakin malamai. Malamin da ya laƙaba wa ɗalibi suna, ku kira shi ofis kamar yadda za ku kira wanda ya fasa wa yaro baki.

Shekarun baya ina tsaye a layin wani asibiti, wani magidanci ya matso ya rusuna ya gaishe ni, yana riƙe da hannun 'yarsa. Ya ga ban gane shi ba, sai ya yi murmushi ya ce, Malam, sarkin barci ne. Nan take fuskar ta dawo min, da bencin, da tagar da ke kusa da shi. Muka gaisa, na tambayi aiki da iyali, ya ce wa yarinyar ta gaida malaminsa. Har aka kira lambarsa ya shiga ina lalube a raina, sunansa na gaskiya bai zo min ba.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin lissafi